Ƙarƙashin Sandar Jibiya

Jibiya,
11 ga Nuwamba, 1973

Zuwa ga Yayata Tabita,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara da dukan 'yan'uwa na Sabon Garin Funtuwa. Ni ma ina nan ƙalau, sai kewar miyarki. Wannan takarda Maharazu direba zan ba, wanda ke ɗauko hatsi daga wajenku duk mako. Ya ce ya san shagon ɗinkinki, don haka daga yau shi ne gidan wayarmu.

Kin ce in ba ki labarin wurin aiki. To Yaya, iyakar ƙasar da ake ta faɗa ba wani abu ba ce illa sandar ƙarfe guda ɗaya, mai fenti ja da fari, an gitta ta a kan hanya. In mutum ya wuce ta akwai fili mai ɗan nisa, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiya, kafin ya kai ga 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Filin nan mu ba mu ce namu ba ne, su ma ba su ce nasu ba ne. Direbobi suna cewa tsamiyar gidan iskoki ce, ba mai wuce ta sai ya danna ham. Aikina shi ne in zauna a rumfa in duba katin lamba na duk mai shigowa, wanda ba shi da shi in yi masa allura. Motoci kuwa ba a magana. Tun da arzikin mai ya buɗe, siminti da rediyo da kekuna ke wucewa daga safe har yamma, kowa yana sauri kamar an ce gobe za a rufe duniya.

Amma wanda nake so in ba ki labarinsa shi ne mai ɗaga sandar, Baba Istifanus. Tsoho ne, mutumin Farfaru nan kusa, asalinsa Bamaguje, ubansa ma mai bori ne. Kuturta ta cinye masa yatsu kaf kafin ya sami magani a asibitin mishan, can ya ba da gaskiya, can kuma ya koyi karatu. Ya warke shekaru da yawa. Da damatsansa yake danna gindin sandar ta tashi. Mu masu bi a nan ba mu fi tara ba, babu fasto, a zaurensa muke sujada, shi ne ke yi mana wa'azi.

Yaya, ban taɓa jin mai magana irin tasa ba. Yau ya ce Allah ya daɗe yana aiko mana da takardu ta hannun annabawa. Da ya ga takarda ba ta ɗaga wanda ke kwance, sai ya taso da kansa ya ƙetaro iyaka, ya shigo ta cikin mace matalauciya, ya ɗauki jiki irin namu, mai jin yunwa, mai yin gumi. Ya ce duk manyan da ya ɗaga wa sanda a shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya taɓa saukowa daga mota. Kofur Filibus ɗan sanda, ƙato guda, sai da ya share hawaye.

Sai dai akwai abin da ke damuna, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Bayan sujada Rut matar Kofur takan kawo tuwo, maza duka su zauna su ci a kwano ɗaya da Baba. Shi da cokali yake ci, yana ɗaure shi a dungunsa da robar tayar keke. Na sani sarai ba ya ɗauke da ciwo yanzu, na karanta, na ci jarrabawa a kai. Amma da na ga hannun nan a bakin kwano sai zuciyata ta tashi. Lahadin farko na ce ina azumi. Ta biyu ma haka. Yau ta huɗu ke nan, har ya raɗa mini suna Mai Azumi, yana ta yabona a gaban mutane. Kunya kamar in nutse.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya kiyaye mu.

Ni ne ƙanenki,
Dauda


Sabon Gari, Funtuwa,
18 ga Nuwamba, 1973

Dauda ƙanena,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Mun ga takardarka, yara suna gaishe ka, maigida ma yana gaisuwa. Ga yaji da daddawa nan a hannun Maharazu, ka duba kada ya ce sun zube a hanya.

Kai Dauda! Wato gwamnati ta rasa inda za ta kai ka sai gindin tsamiyar iskoki, kai kuma kana ba ni labari kamar ka je yawon buɗe ido? Ka buɗe kunnenka da kyau. Iyakar ƙasa mashigar kowane irin abu ce, na gani da na ɓoye. Yaƙi aka tura ka, ba duba kati ba. Kada ka fita da safe sai ka durƙusa ka ɗaura ɗamararka ta addu'a. Kada ka zauna a inuwar itacen nan, kada ka tsinci tsamiyarsa. In iska ta kaɗo daga wajen, ka tsawata mata da sunan Yesu, kada ka ji kunyar 'yan kwastan. Na kai sunanka Zumuntar Mata, ranar Alhamis mun yi awa biyu a kanka, har muryata ta dishe.

Maganar azumi kuwa na yi dariya har allura ta soke ni. Kai da ba ka iya kai azahar ba ka nemi ɗumame? Ƙarya zunubi ce, ba zan ce maka ba zunubi ba ce. To ka mai da shi azumin gaske mana, ka huta, ka sami lada. Amma kwanon nan kada ka sa hannu a ciki. Tsohon yana iya zama mutumin Allah, ban musa ba, wa'azinsa ma ya shige ni. Ka gaishe shi, ka girmama shi, ka tsaya daga nesa. Na san ciwon nan fiye da yadda kake tsammani, kuma kada ka tambaye ni ta yaya.

Ka tuna Mama ta bar mini kai kana jinjiri, a bayana ka girma, fitsarinka ya ƙare mini zannuwa. Ban yi wannan wahala don in ba kuturta ko iskokin Jibiya ba.

Ka riƙa sa rigar sanyin da na saƙa maka. Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Yayarka,
Tabita


Jibiya,
9 ga Disamba, 1973

Zuwa ga Yayata Tabita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ki yi haƙuri da shirun da na yi. Abubuwa sun rikice mana a nan.

Kin ji labarin farin da aka yi a arewa. Mutane suna ta gangarowa daga Nijar, Buzaye da Hausawa, dabbobinsu sun ƙare, wasu da ƙwarya kawai suka iso. Da yawa ba su da kati ko wata takarda, sai suka yada zango a gindin tsamiyar nan suna jiran a ba su izini. Sun kusa ɗari biyu. Ruwan da suke sha daga ramukan da suka tona a yashi ne. Makon jiya amai da gudawa ya ɓarke a cikinsu, kwalara ce, ba shakka.

Oda ta zo daga Katsina cewa kada a ɗaga wa mai ƙafa sanda, kuma duk wanda ya shiga filin ba ya fitowa sai an kwana biyar ba a sami sabon mai ciwo ba. Jandarmomin Nijar su ma sun rufe nasu gefen. Ban ga laifin odar ba, don in ciwon ya shiga kasuwar Jibiya ranar Lahadi, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya. Dabarar da muka yi ita ce wata doguwar gora, muka rataya bokiti a bakinta. A ciki muke sa garin dawa da ƙwayoyi da ruwan gishiri da sukari, mu miƙa ta saman sanda, ni kuma in tsaya in yi ta ɗaga murya ina faɗin yadda za a sha. Har ina jin daɗin kaina, wai na yi dabara.

Abin da ban lura ba shi ne, mai iya tasowa ya zo bakin bokiti ba shi ne mai mutuwa ba. Masu mutuwar suna can kwance, ba mai ɗaga musu kai. Baba Istifanus ne ya gani. Kwana biyu yana tsaye a gindin sandarsa yana kallo. Ranar Alhamis da safe sai ga shi da tabarma da tukunya, cokalinsa ɗaure a hannu. Ya miƙa wa Kofur Filibus igiyar sanda, ya sunkuya zai ratsa ta ƙarƙashi. Na tare shi na ce Baba, oda fa.

Ya ce, "Oda ta ce kada a ɗaga sanda, ban ɗaga ba. Ta ce wanda ya shiga ba shi fita, ni ban ce zan fita ba."

Sai na kawo masa maganarki, na ce Yayata ta ce tsamiyar nan mazaunin Shaiɗan ce. Ya yi murmushi ya ce kin yi gaskiya, Shaiɗan yana wurin, sai dai ba a bisa itacen yake ba. Ya ce shi a gidan bori ya tashi, ya san iskoki, bai taɓa ganin wanda ya sauko ya goge wa mai zawo jiki ba. Sannan ya nuna gorar da ke hannuna.

"Ga inda yake zaune nan, tsakanin hannunka da mai kwance. Aikinshi ke nan tun farko, sa nisa. Ni shekara shida ana turo mani abinci da sanda, na san ɗanɗanonshi. Ubangiji da ya zo yaƙi da shi, bai miƙo mana ceto a bakin gora ba."

Ya wuce. Ina kallonsa yana ɗingishi har ya kai gindin tsamiyar, ya shimfiɗa tabarmarsa a daidai inda kika ce kada in zauna.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Jiya an kawo kwali biyu na kwalaben ƙarin ruwa, suna nan a rumfata. Wanda ciwon ya ci ƙarfinsa ba ya iya haɗiya, sai an sa masa ruwa ta jijiya. Baba ba shi da yatsun riƙe allura. A duk wurin nan ni kaɗai na iya. Ba wanda ya ce in shiga, shugabana ma cewa ya yi in jira ma'aikatan da za a turo, kuma ba a san ranar zuwansu ba. Yaya, tsoro nake ji. Ba na son in mutu ina da shekara ashirin da shida. Na faɗa miki gaskiya.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Dauda


Funtuwa,
13 ga Disamba, 1973

Dauda,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Tun da na karanta takardarka ban iya taka keken ɗinki ba, kayan Kirsimetin mutane suna nan jibge.

Kada ka shiga. Ka ji ni ko? Kada ka shiga! An ce ka jira, ka jira. Biyayya ga na gaba ba tsoro ba ce. Tsohon nan ya ci zamaninsa, ba mata ba ɗa, ya ga abin da zai iya ya yi, Allah ya saka masa. Kai ko aure ba ka yi ba. Gwada Allah ma ai zunubi ne, ka je ka tambayi kowane fasto. Mu a nan mun shiga azumin kwana uku, na gaske ba irin naka ba, muna ɗaure ruhun annobar nan. Wannan shi ne yaƙin, kuma mun ɗauke maka shi. Kai dai ka riƙe gorarka.

Maganar da ya yi ta turo abinci da sanda, da ka bar ta a cikinka, ba kowane abu ake rubutawa ba. Ta hana ni cin abinci.

In ka ga zuciyarka tana ja, ka hau motar Maharazu ka taho gida, a kore ka daga aikin in an ga dama. Zan ciyar da kai da allura da zare kamar yadda na yi a da. Na roƙe ka don Allah.

Yayarka da ta goya ka,
Tabita


Gindin tsamiya, Jibiya,
21 ga Disamba, 1973

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Kada ki ji tsoron taɓa takardar nan, za a shanya ta a rana wuni guda kafin a ba Maharazu. Da kin ga inda na rubuta a sama kin san sauran. Taki ta yi kwana shida a hanya don motar ta lalace a Kankiya, sai a cikin bokiti ta iske ni, a bakin gorar da ni na ɗaura. Ki yafe mini. Ko da ta zo da wuri ban san abin da zan yi ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Kwana goma sha biyu Baba ya yi a ciki ina kallonsa daga rumfa. Ya sa an tona masai nesa da ruwa. Ya sami tsohuwar durom yana tafasa ruwa daga safe har yamma, ya hana kowa shan wanda bai tafasa ba, har faɗa yake yi. Wanda ya kasa tashi ya goya shi zuwa inuwa. Cokalin nan da na ƙi kallo a bakin kwano, da shi yake ɗura wa mutane ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan, yana tallafe da kansu a cinyarsa. A kwana na huɗu wani dattijo daga Daddara, Malam Uwaisu, ya zo ya ce ba zai yiwu Musulmi su mutu ba wanka ba salla ba, shi ma ya ratsa ta ƙarƙashi. Su biyu suka raba aiki, Baba da masu rai, Malam da waɗanda suka cika. Ni kuwa ina nan da farar rigata ina miƙa gora.

Ranar Talata da rana tsaka wata mata ta zo bakin sanda. Sunanta Hajo, daga wajen Madarunfa, Baba ne ya yi jinyar 'yarta har ta tashi. Na miƙa mata bokiti kamar kullum. Ta sauke shi, ta kife a ƙasa, ta dube ni.

"Tsohon ya kwanta tun jiya. Kai ne mai allurar? In ba ka shigowa ka gaya mani, in koma in zauna da shi."

Na tambaye ta ko shi ya aiko a kira ni.

"Bai aiko ba. Cewa ya yi kada a dame ka, wai kana azumi."

Yaya, ashe ya sani. Tun Lahadin farko ya sani, ya yi ta rufa mini asiri a gaban mutane, yana kwance yana mutuwa ma bai fasa ba. Ban san lokacin da na ɗora kwali a ka ba. Kofur Filibus ya kama igiya zai ɗaga mini sanda, na ce ya bari, ta inda tsohon ya bi zan bi.

Na same shi idanu sun faɗa, fatar jiki ta yamutse, muryar ta tafi. Sai da na kama hannun nan da hannuwana biyu, na ɗora shi a gwiwata ina laluben jijiya a cikin tabo. Wannan ne karo na farko da na taɓa shi. Hannu ne kawai, Yaya, hannun tsoho mai sanyi. Sau biyu ina kuskurewa, a na uku Allah ya taimake ni. Hajo ta riƙe kwalbar a sama har na sami reshen da zan rataya ta. A jikin tsamiyar taki muka rataye ta. Can wajen la'asar ya buɗe ido ya ce, "Mai Azumi, ka iso?" Na yi kuka kamar ba namiji ba.

Da ya sha kwalba biyu ya ce a cire a kai wa wasu. Na ƙi, ya ce to zai fizge da haƙori, kuma na san zai aikata. Mutum bakwai na sa wa ruwa daga ranar zuwa yau, shida suna nan da rai. Da na shigo ranar da kwalaben suka zo, da Malam Uwaisu bai haƙa wasu kaburburan ba. Wannan zan ɗauke shi har ƙarshen raina, ba na son kowa ya lallashe ni a kai.

Tun ina yaro nake rera cewa Allah ya zama mutum, ban taɓa tunanin abin da ya shaƙa da hancinsa ba sai da na shigo nan. Ban ga iska ko ɗaya a itacen nan ba. Abin da na yi ta kokawa da shi a ƙirjina yake, kuma da na kama hannun tsohon sai na ji ya sake ni.

Baba har yanzu bai fita haɗari ba. Fitsari bai zo ba, kuma a tsoho wannan ba alama ce mai kyau ba. Ban sani ba ko zai ga Kirsimeti. Ku ci gaba da azumin, amma ku sa sunansa gaba da nawa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Dauda


Funtuwa,
24 ga Disamba, 1973

Dauda ƙanena,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da duk waɗanda ke gindin itacen nan. Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yi niyyar in zage ka tas, na ɗauki biro, sai ga abin da ya fito.

Mama ba wajen haihuwarka ta rasu ba. Ƙarya muka yi maka, ni da mahaifinmu da dukan gida. Kana wata biyar tabo ya fito mata, dattawa suka ce kuturta ce, aka yi mata bukka a ƙarshen gonarmu ta Kagoro, wajen duwatsu. Shekara uku ta yi a can. Ni nake kai mata abinci. In na isa sai in ajiye ƙwaryar a ƙasa, in sa karan dawa in tura ta har bakin bukka, in ja da baya. Haka aka koya mini, haka na yi safe da yamma, ina da shekara goma sha ɗaya.

Wata rana na je da kai a bayana, ka fara tafiya ke nan. Ta fito ta tsaya, ta ce, "Tabita, sauke mini shi in riƙe, sau ɗaya kawai, zan naɗe hannuna da zane." Ba kowa a wurin, ba mai gani. Na juya na ruga da gudu, kana ta dariya a bayana kana tsammani wasa ne. Ba ta sake roƙo ba. In ta hango mu sai dai ta ɗaga hannu. Da ka fara magana kana tambaya wace ce, muka ce maka wata mahaukaciya ce. Da damina ta rasu, shekara biyu kafin maganin ciwon ya iso ƙasarmu.

Shekara ashirin da uku ke nan ina tsawata wa aljanu a itatuwa da mararraba, duk Funtuwa an san muryata. Ashe wanda ya kamata in yaƙa yana nan a karan dawar da ban taɓa ajiyewa ba, har na so in miƙa maka shi gado. Tsohon da ban taɓa gani ba ya faɗe shi a magana ɗaya.

Ba zan ce na daina jin tsoro ba. Amma ka zauna inda kake. Ka riƙe hannun nan da kyau, ka riƙe har da rabona. Ga sukari da gishiri da sabulu daga Zumuntar Mata. Ga kuma riga na ɗinka wa Baba, na ture kayan mutane na yi ta yau. Ban sa mata maɓalli ba, ta ka ake zura ta. In ta same shi da rai ka karanta masa wannan takarda duka, kada ka tsallake komai, ka ce ina roƙo ya yi mini addu'a. Kai kuma in za ka iya, ka yafe mini.

Barka da Kirsimeti.

Yayarka,
Tabita


Jibiya,
7 ga Janairu, 1974

Zuwa ga ɗiyata Tabita,

Gaisuwa da sunan Yesu Mai Ceto. Ki yi haƙuri da rubutun, biron a roba yake ɗaure. Ni ne Istifanus, ban mutu ba. An buɗe hanya ran Alhamis, mutane sun shigo gari, na koma bakin sandata. Riga ta yi daidai, da ita na yi wa'azi jiya, na gode.

Ƙanenki yana lahiya. Ya karanta mani takardarki duka, yanzu ya ce in gaya maki tashi takardar tana tahe kuma babu faɗa a ciki. Jiya bayan sujada Mai Azumi ya buɗe baki, kwano guda da ni. Ya hi ni ci nesa ba kusa ba, don shi da yatsu.

Addu'ar da kika roƙa na yi. Amma ni na zauna inda uwarki ta zauna, don haka bari in gaya maki abin da ba ki sani ba. Mai zama a bukka ba karan yake kallo ba. Hanya yake kallo tun safe, shi ga ko akwai mai tahowa. Ni wasu ranaku ba kowa. Ita shekara uku, safe da yamma, tana ɗaga kai ta ga ɗiyarta tahe.

Ki ajiye karan haka nan, ɗiyata. In kin samu hali ki zo mu ci tuwo.

Naki a cikin Ubangiji,
Istifanus mai sanda